Injin da Ya Mutu a Hanyar Asibiti

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Muhammad Sani. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Mai girma wakilin shugaban ƙaramar hukuma. Dagatai da masu unguwanni. Malamanmu da limamanmu. Hajiya Naja'atu, shugabar ƙungiyar mata manoma, tare da iyayenmu mata da ke zaune a ƙarƙashin rumfar can. 'Yan kasuwar kayan gyara da suka taso tun daga Funtua. Abokan sana'ata masu gyaran keke da babur da suka zo daga Bakori da Ƙafur da Mahuta da Musawa. Manoma 'yan'uwana da kuka baro masara a tsaye da waken suya a shanye kuka zo kuka zauna a rana. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan kaka da rai da lafiya. Ina godiya ga ƙungiyar manoma da ta kira wannan zama, ta kuma ga ya dace a ba mai gyaran keke lasifika a gaban manya. Ga wanda bai san ni ba, sunana Jibril. Tun ina saurayi nake facin tubu da ɗaurin birki a bakin kasuwar Malumfashi, yau ga furfura ta cika mini gemu ina nan a wurin. An ce in yi magana a kan ɗan injin nan da ake ɗaura wa keke, in faɗi abin da ke sa shi yawan mutuwa a hanya, in faɗi yadda ake gane ciwonsa. Zan faɗa iyakar sanina. Sai dai ina neman afuwarku tun yanzu, domin maganar da na zo da ita ba mai daɗi ba ce.

Kowa a nan ya san yadda abin ya faro. Da fetur ya yi tashin da ya yi, babur ya fi ƙarfin talaka. Wasu suka jingine nasu a zaure har taya ta sace, wasu suka sayar suka sayi taki, aka koma kan keken da aka daɗe da ratayewa. Dattijo mai ciwon gwiwa ya koma taka feda da buhu a baya, daga ƙauye har kasuwa. Ana cikin haka sai ga wannan inji ya shigo a cikin kwali. Bai fi tukunyar miya girma ba, ga ɗan tankinsa, ga salansa, ga sarƙa. Ka ɗaura wa keken da ka gada daga mahaifinka ya zama rabin babur, yana shan mai kamar ana ɗiga masa da cokali. Wa zai ga laifin wanda ya saya? Ni dai ban gani ba, kuma ba zan tsaya a nan in ce wa talaka ya yi wauta don ya nemi sauƙi ba.

A cikin waɗanda suka saya akwai Rabe, manomi daga wani ƙauye da ke bayan rafi, idan ka sauka daga titin Musawa ka yanki daji. Da yawanku kun san shi, dogon nan mai kawo tumatir da attaruhu da rani. Mutum ne marar hayaniya, mai tattalin abin hannunsa. Matarsa Mero kuwa ita ce bakin gidan. Mace ce mai raha, mai ƙwazo, tana da gayaunarta ta gyaɗa da kuɓewa a gefen gonar mijinta, kuma ba ta yarda kowa ya nome mata ita. Ita ta matsa masa ya sayi injin. Ta ce masa, "Malam, kullum kana dawowa daga kasuwa kamar an yi maka duka. Ka sayi abin nan ka huta, yaran nan suna bukatar ubansu da ƙafafu."

Ya je Funtua ya sayo. Takardar da ke cikin kwalin da wani harshe aka rubuta ta, babu mai karanta ta a ƙauyen, don haka shi da maƙwabcinsa Isah suka zauna a ƙofar gida suka haɗa shi da ido da dabara. Ya kuwa tashi. Ranar ƙauyen kaf aka fito kallo. Injin ya yi ta kaki yana fitar da hayaƙi kafin ya daidaita, Mero ta leƙo daga zaure tana dariya ta ce, "To, mun samu Mai Tari a gidan nan." Sunan ya bi keken. Har a rumfata, idan Rabe ya turo shi, cewa yake yi, "Malam Jibril, Mai Tari ne kuma."

Ya kuwa sha turo shi. Farkon zuwansa filogi ne ya yi baƙi ƙirin, na wanke na mayar. Aka jima ya dawo, kabureta ta toshe da laka, na kwance na hure. Aka jima ya dawo, salansa ta faɗi a hanya, ya ɗauro ta da igiyar rama. Wata rana wayar kuloci ce ta tsinke, wata rana murfin tanki ne ya toshe har mai ya daina sauka. Duk abin da na nuna masa, Rabe yana riƙewa. Ya sayi sifanar filogi ya ɗaure a ƙarƙashin sirdi, ya koyi auna baƙin mai, ba ya gudu, ba ya ɗora kayan da suka wuce kima. Ina so ku riƙe wannan, jama'a, domin kada wani ya fita daga nan yana cewa sakaci ne. A cikin masu irin keken nan ban ga wanda ya kai Rabe kula ba.

Sai ranar da abin ya faru, a tsakiyar daminar nan da ta wuce. An kwana ana ruwa, gari ya waye da rana, kuma ranar kasuwar Musawa ce. Duk mai babur a ƙauyen ya yi sammako ya tafi, har da Isah, wanda shi kaɗai ya rage da babur mai lafiya a layinsu. Da hantsi Mero tana cikin gayaunarta tana cire ciyawa a gindin kuɓewa, sai kububuwa ta sare ta a idon sawu. Rabe yana can ƙarshen gona ya ji salatinta. Ya zo ya ga macijin, ya ga shaidar haƙori, ya san abin da ke gabansa. Tsofaffi suka ce a tsaya a jiƙa magani. Ya ce a'a, asibiti zai kai ta. Ya gwada kiran Isah, waya ta ƙi shiga. Ya duba gabas ya duba yamma, babu abin hawa a ƙauyen nan sai kekensa.

Ya ɗora ta a kan kariyar keken, mata suka kawo zanen goyo suka ɗaure ta a bayansa kamar jaririya. Ya faɗa mini da bakinsa cewa ko a lokacin ba ta daina raha ba. Ta sa baki kusa da kunnensa ta ce, "Ka roƙi Mai Tari, yau dai kada ya kunyata mu." Ya taka feda, ya saki kuloci, injin ya kama. Suka kama hanya, yana kauce wa ramuka, tana riƙe da shi, ƙafar tana kumbura.

Da suka iso rafi, ruwan daren jiya ya ƙaru. Babu gada a wurin, babu kwalbati, kowa ya sani. Ya rage wuta ya shiga a hankali, ruwa ya fallatso, injin ya yi tari ya mutu a tsakiya. Ya sauko da ita a bayansa, ya turo keken zuwa gaɓa, ya kwantar da ita a gindin wata bishiya. Ya kwance filogi ya goge da bakin rigarsa, ya hure, ya mayar. Shiru. Ya sake kwancewa, ya zare hular filogin, ya girgiza ruwan da ke ciki, ya shanya a kan dutse yana kallon matarsa yana kallon rana. Ya ce da ni, "Malam Jibril, ban taɓa sanin ruwa yana daɗewa haka kafin ya bushe ba." Can dai injin ya kama. Ya sake goya ta, suka ci gaba.

Ba su yi nisa ba, a gangaren nan mai tsakuwa kafin a fita titi, babban abin ya auku. Notin da ke riƙe da inji a jikin keke ya kwance saboda jijjiga, injin ya karkace, sarƙa ta goce daga layinta. Ɗan gargaren nan da ke ɗame sarƙa ya juya ya shige cikin wayoyin ƙafar baya. Wayoyin suka karye a jere, ƙafar ta lanƙwashe, keken ya tsaya cak yana cikin tafiya. Su biyu suka faɗi a ɗaure da juna. Shi ya gurje hannu da kafaɗa. Ita kuwa kanta ya bugi dutse, goshinta ya tsage.

Ya yage hannun rigarsa ya ɗaure mata, jini ya ƙi tsayawa. Ya bar keken a nan kwance, ya goya ta ya kama tafiya da ƙafa. Rana ta take, hanya babu kowa, duk an tafi kasuwa ko ana gona. Ya ce a hanyar ta yi masa magana. Ta ce, "Malam, sauke ni ka huta, numfashinka ya yi sama." Ya ce, "Yi shiru, Mero, ga titi can." Aka jima ta ce, "Na bar gero a jiƙe. Ka ce wa Bushra ta tsame shi kada ya yi tsami." Bushra ita ce babbar 'yarsu. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada a hankali.

A bakin titi wani direban motar kaya, Allah Ya saka masa da alheri, ya tsaya ya sauke buhunan gaba ya ɗauke su. Tafiyar da babur ke yi kafin shayi ya huce, sai da aka yi sallar la'asar suka shiga asibiti. Ma'aikata sun yi bakin ƙoƙarinsu. An yi mata allurar dafin maciji, an nemi jini, mutanen ƙauyen da suka dawo daga kasuwa suka bi layi suka bayar. Likita ya kira Rabe gefe ya yi masa bayani: dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, faɗuwar da ta yi kuma ta sa jini yana zuba a cikin kanta. Ya ce saran kaɗai, da an iso da wuri, ana warkewa daga irinsa. Washegari da azahar Allah Ya karɓi abarSa. Ta bar 'ya'ya, na ƙarshensu bai daɗe da yaye ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malamanmu suna zaune, sun fi ni sanin cewa rai ba ya wuce lokacinsa, kuma babu injin da ke ƙara wa mutum kwana. Mun yi imani da haka. Amma su ɗin ne suka koya mana cewa an umarce mu da bin sababi, kuma duba sababi ba jayayya da ƙaddara ba ne. Saboda haka bayan an share makoki, Isah ya ɗauko keken a amalanke ya kawo rumfata, muka taru mu masu gyara muka kwance shi ƙarfe bayan ƙarfe. Abin da muka gani a cikinsa shi muke gani a sauran da ake kawo mana, kuma shi zan jera muku yanzu.

Na farko, kuma mafi muni, jijjiga. Ɗan injin nan yana girgiza fiye da girmansa, kuma notunan da ke zuwa da shi a kwali ƙarfensu taushi ne da shi kamar na gwangwani. Ka ɗaure da sauƙi ya kwance, ka ɗaure da ƙarfi ya murje. Notin da ya ci amanar Rabe ba a sake yake ba da safe. Haƙoransa ne suka cinye daga ciki inda ido ba ya gani. Don haka duk mai irin wannan keke, ya cire notunan kwali ya jefar, ya sa na babur, ya ninka su biyu biyu. Kafin ka hau, kama injin da hannu biyu ka girgiza. Idan ya motsa ko kaɗan, kada ka hau. Ɗan gargaren da ke ɗame sarƙa kuwa, a kai shi wajen mai walda a kafe shi yadda ba zai iya juyawa ba. Na roƙe ku da girman Allah, wanda bai riƙe komai daga bakina yau ba, to ya riƙe wannan. Injin da ya mutu tsayar da kai yake yi. Gargaren da ya juya kayar da kai yake yi.

Na biyu, wuta. Idan inji ya mutu farat ɗaya, musamman bayan ruwa, fara da filogi. Kwance shi, mayar masa da hularsa, jingina bakinsa a jikin inji, a juya ƙafar baya. Idan ka ga tartsatsi shuɗi, wuta na nan, nemi ciwon a wani wuri. Idan ja ne mai rauni, ko babu, to ko filogin ya gaji, ko ruwa ya shiga hula, ko wayoyin da suka fito daga koyil, wato abin da ke ba filogi wuta, sun goge sun taɓa ƙarfe. Wayoyin nan a tsirara suke zuwa, an murɗa su kawai an naɗe da leda. A naɗe su da kyau, a ɗaga su sama, a toshe ramin da suke fitowa ta ciki. A riƙa tafiya da busasshen filogi na biyu a aljihu. Idan an zo rafi kuma, a kashe injin tun daga gaɓa, a tura keken ta inda ruwa bai kai shi ba.

Na uku, mai. Wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. A cikin fetur ake gauraya masa. Wanda ya zuba da yawa, filogi zai yi baƙi ya jiƙe, salansa ta toshe, inji ya riƙa kaki ba ƙarfi. Wanda ya rage don tattali, filogi zai yi fari fat, inji ya ɗau zafi, wata rana fistin ya kame a tsakiyar hanya, shi ke nan an yi asara. Wanda kuma ya zuba tsohon man da aka juye daga mota, ya haɗa ciwon biyu. A samu ma'auni guda a tsaya a kansa, a gauraya a galan kafin a zuba a tanki. Man kwalba na bakin hanya, ba duka ba ne, amma wani da ruwa a gindinsa, wani da ƙasa. A tace shi da tsumma mai tsabta. Idan inji yana tafiya yana shiɗewa kamar mai jin ƙishirwa, zare tiyon mai ka ga ko yana zuba. Idan ba ya zuba, buɗe murfin tanki, sau da yawa ɗan ramin iskar da ke jikinsa ne ya toshe. Soson da ke bakin kabureta ma a riƙa wanke shi, domin inji da hanci yake numfashi kamar mu.

Na huɗu shi ne wanda ba ni da maganinsa, kuma shi ya fi damuna. Keke, keke ne. An ƙera shi don ƙarfin ƙafar mutum. Birkinsa ɗan roba ne da ke matse ƙarfe, idan ya jiƙe sai addu'a. Wayoyin ƙafarsa sirara ne, ƙarfen jikinsa bututu ne marar kauri. Mun ɗora masa inji, mun ɗora masa buhu, mun sa shi gudun da ba a yi shi dominsa ba, a kan hanyar da ko jaki yana zaɓen wurin taka ƙafa. Ina iya sa muku wayoyi masu kauri, ina iya ƙara birki, amma ba zan iya mayar da keke babur ba. Zan faɗa muku gaskiya a gaban manya: akwai keken da na gyara da hannuna, na duba komai, na ce wa mai shi ya tafi lafiya, kafin kasuwa ta zagayo ya dawo da wani ciwon daban. Filogi sabo a kwali, ka sa ya mutu a ranar. Koyil sabo, ka sa babu wuta. Mun kai inda mai gyara ba ya iya rantsuwa a kan aikinsa, domin bai san abin da aka sayar masa ba.

Saboda haka ina da roƙo, kuma zan yi shi ba tare da kunya ba.

'Yan kasuwarmu na Funtua, ku 'yan'uwanmu ne, kuma mun san ba ku kuka ƙera ba. Amma ku kuke zuwa inda ake saro shi, ku ake saurara. Ku daina karɓar kwalin da ba shi da kayan gyara a bayansa. Ku ware mai kyau da marar kyau ku faɗa wa mai saye gaskiya, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Ku nemi wanda zai rubuta bayanin haɗa shi da Hausa, da boko da ajami, a saka a kowane kwali. Wanda ya zo sayen inji, ku tambaye shi wa zai ɗaura masa.

Abokan sana'ata, mun yi shawara mun amince: daga wannan mako, duk ranar kasuwa, wanda ya kawo keke mai inji a duba masa noti da sarƙa da birki, za a duba kyauta a kowace rumfa da ke cikin ƙungiyarmu. Wanda aka ga kekensa ba zai ɗauki inji ba, a faɗa masa, ko zai ji haushi. Gara ya fita yana zaginka da a shigo da shi a kwance.

Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, wannan a hannunku yake, kuma ba ya bukatar sa hannun kowa daga sama. Kada a sake wayar gari ƙauye guda babu babur ko ɗaya saboda ranar kasuwa ce. A yi juyi. Wannan mako wane ya zauna, mako mai zuwa wane, jama'a su haɗa masa mai. Mace mai naƙuda ba ta san ranar kasuwa ba, maciji ma bai sani ba.

Mai girma wakilin shugaban ƙaramar hukuma, ka isar mana da saƙo. Ba mu ce a shimfiɗa mana kwalta har ƙofar gida ba. Kwalbati muke roƙo a kan rafin nan da ire-irensa, da ɗan cikon ƙasa a gangaren da ruwa ya cinye. Muna roƙon a kusanto da allurar dafin maciji zuwa ƙananan asibitocin karkara, ko da damina kaɗai, lokacin da mutanenmu ke cikin ciyawa da hannu da ƙafa.

Ku kuma masu hawa, 'yan'uwana, ban ce ku jefar da injinku ba, domin na san ba ku da wani. Ku kai tumatir da shi, ku je gona da shi, ku je ɗaurin aure da shi. Idan ya mutu a hanya, ku taka feda ku ƙarasa, babu abin da ya ɓaci sai lokaci. Amma kada ku ɗora masa rai. Marar lafiya, da mai ciki, da ƙaramin yaro, a nemo musu wani abin hawan ko da za a tashi mutum daga gona.

Kafin in zo nan na je ƙauyen na sami Rabe, domin ba zan ɗauki sunan matar mutum in kawo gaban taro ba tare da izninsa ba. Na tarar da shi a gayaunar Mero yana tuge gyaɗar da ta shuka, ƙaramin ɗansu yana zaune a inuwa a kan buhu. Ya rame, hannun da ya gurje har yanzu ba ya ɗaguwa sosai. Yanzu da ƙafa yake zuwa kasuwa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ci gaba da kakkaɓe ƙasa daga saiwar gyaɗa. Can ya ce, "Ka faɗa musu, Malam Jibril. Ka faɗi komai, kada ka rage. Abu ɗaya nake roƙo. Bushra ta ji wasu mata a bakin rijiya suna cewa ubanta ne ya kayar da uwarta. Tun ranar ba ta haɗa ido da ni ba. Kai ka buɗe injin, kai ka ga notin. Ka faɗa a inda mutane da yawa za su ji, ko maganar za ta koma kunnenta daga bakin wani."

To, ga shi ina faɗa, a gaban wakilin Hakimi, a gaban limamai, a gaban iyayenmu mata da za su koma gida su maimaita. Ni Jibril na kwance injin nan da hannuna. Rabe bai yi gudu ba, bai yi ganganci ba, bai bar noti a sake ba. Ƙarfe ne ya cinye daga ciki. Mutumin nan ya goyi matarsa a bayansa cikin rana, da jini a hannunsa, har bakin titi, bai sauke ta ba ko da ta ce ya sauke ta. Hajiya Naja'atu, na damƙa wannan saƙo a hannunki da na matan ƙungiyarki. Ku kai wa yarinyar nan shi har ɗaki.

Ya Allah Ka jiƙan Mero, Ka yalwata kabarinta, Ka karɓi shahadarta. Ka ba Rabe haƙuri, Ka raya abin da ta bari, Ka daidaita tsakanin uba da 'yarsa. Ka jiƙan dukkan waɗanda suka riga mu. Ka tsare manomanmu a gona da hanya, Ka kare su daga abin da ke cikin ciyawa da abin da ke cikin daji. Ka sa albarka a amfanin da muke girbewa, Ka sassauta mana tsadar rayuwa, Ka ba shugabanninmu ikon jin kukan na ƙasa. Yadda Ka tara mu a nan lafiya, Ka mayar da kowa gidansa lafiya, mai mota da mai babur, mai keke da mai tafiya a ƙasa.

Mai girma shugaban taro, jama'a baki ɗaya, kun ba ni kunnuwanku fiye da yadda na cancanta. Na gode.